Awon da Ba Nasa Ba

Ranar da Wyson ya kai kilo casa'in, a sikelin ganyen shayi ya gani. Can rumfar awo ta gonar da yake wa tuƙi, bayan mata masu tsinka sun gama rataye kwandunansu, ya kama ƙugiyar da hannu biyu ya naɗe ƙafafu, allurar ta yi ta rawa kafin ta tsaya. Ya dawo gida yana buɗa hannuwa kamar wanda aka ƙara wa girma.

"Maman Tadala, ɗauko takardarki ki rubuta. Casa'in cif!"

Zione tana tuƙa tuwon masara, goye da Fatsani. Ba ta ko juyo ba ta ce, "Har da takalman nan naka masu kama da bulo dai."

"To cire kilo ɗaya na takalmi, ki mayar da ɗaya na tuwon da ban ci ba tukuna."

Mahaifiyarta, wadda kowa a gidan yake kira Mayi, wato Uwa, yadda ake girmama kowace mace a yankin, tana zaune a baranda tana ɓare gyaɗa. A ƙauyukan Thyolo miji ne yake tarewa a gidan su mace, kuma suruka ba ta yi wa mijin 'yarta magana ido da ido. Don haka sai ta ɗaga murya ta fuskanci bango.

"Zione, ki gaya wa baban yaran nan yanzu ya zama mutum. Ki ƙara masa mai a miya. Masu ƙirga haƙarƙarin mutane su nemi wata sana'a."

Mayi tana da dalilinta. 'Ya'yanta maza biyu ta binne a shekarun da babu maganin ƙanjamau, kowanne ya ƙare kamar sillen kara. Akwatin gawar na biyun, Lackson, mutum biyu ne suka ɗauka, ba su ma canja hannu ba har kabari. Shi ma Wyson, shekara shida da suka wuce, kilo arba'in da tara ne. Lokacin ne aka gwada su, shi da Zione, aka same su da ƙanjamau. Zione ba ta manta yadda mata suke janye bokitansu daga kusa da nata a bakin famfo ba, ko yadda wata ta ɗaga zanin goyon Tadala tana cewa, "Allah sarki, ita ma ta fara ramar?" Alhali yarinyar ba ta ɗauka ba. Daga ranar ta ɗaura aniya: za ta gina mutumin nan har sai bakin kowa ya mutu, don kada a sake nuna mata 'ya. Kitsen alade, soyayyen dankali, fanke da safe, shayi cokali huɗu na sukari, gishiri har sai miya ta yi magana. Da aka canja musu ƙwaya zuwa sabuwa, jiki ya ƙara karɓa. Taba kuwa yana sha tun yana saurayi, warinta kawai take yi wa faɗa. Duk kilon da ya ƙaru, rubuta shi take yi a takarda kamar sakamakon jarrabawa.

Su shida ne a ƙungiyarsu ta karɓar magani. Tsarin kamar adashi yake. Kowane wata mutum ɗaya zai tattara littattafan asibiti shida, ya taka zuwa asibitin da ke bayan tsauni ranar Talata, ya karɓo wa kowa kwalbarsa. Wanda zagaye ya zo kansa, shi ake dubawa a ranar: a ɗora littafinsa a saman sauran, a ɗaura masa robar awon hawan jini a damtse tun daga bakin ƙofa, a rubuta a ciki. Wanda ya tsallake zagayensa sau biyu, a cire shi, ya koma bin layi da kansa duk wata.

To ranar Talata ce ake kwasar ganye mafi yawa zuwa masana'anta. Shugaban direbobi bai san Wyson yana shan magani ba, kuma kullum akwai maza goma a bakin get suna jiran makullin motar da wani zai saki. Saboda haka in zagayensa ya zo, Zione ce take ɗaura zani ta tafi, ta ɗora littafinsa a sama. Mai awo a bakin ƙofa, Bambo Likoswe (Bambo shi ne Malam a bakinsu), dattijo ne ɗan sa-kai, yana cikin waɗanda suka fara shan magani a yankin, ya kuma san abin da ake nufi da rasa aiki.

"A'a, Wyson! Yau kuma zani ka ɗauro mana?"

"Ku rufa mana asiri, Bambo."

"Miƙo hannu, Wyson. Har yau dai gemun nan naka ya ƙi fitowa."

Sai ya matsa robar, ya duba, ya rubuta a littafin Wyson: ɗari da goma sha biyu bisa saba'in. Ta tagar ba da magani, inda mutum ɗari biyu suke wucewa a wuni, abin da ake dubawa kawai shi ne an cike layin littafin sama. Gwajin ƙwayar cutar kuwa, sau ɗaya a shekara ma'aikacin lafiya yake zuwa ƙauye a keke, ya tsaga yatsa, ya ɗiga jini a takarda ya tafi. Kullum sakamakon Wyson ɗaya ne: ba a ganin ƙwayar. In an kawo, sai ya sumbaci takardar ya ce ya fi shugaban direbobi lafiya.

Shekara uku, zagaye shida, damtsen Zione ne a littafin mijinta.

A zuwa na shidan ne sabuwar Sista, babbar nas ɗin asibitin, ta fito ta tsaya gaban layi, ta tafa hannu.

"Ku saurare ni, iyayena. Maganin nan ya kwantar da cutar, amma ko a kwance tana dafa jijiyoyin jini a hankali. Mai ɗauke da ita ya fi wanda ba shi da ita kusantar ciwon zuciya, kusan ninki biyu. In aka haɗa da hawan jini, da taba, da ƙiba, abin ya ƙara muni. Hawan jini kuma ba ya sallama. Kowa ya kawo hannunsa a auna."

Eluby, shugabar ƙungiyar su Zione, wadda ta rako ta a ranar, ta tuntsire da dariya.

"Yo Sista, mu da aka ce ba za mu ga Kirsimeti ba, ga mu mun ga goma sha biyar! Da an ce mu yi ƙiba, mun yi. Yanzu kuma a ce mu rame? Ku dai ku zauna ku shirya bakinku tukuna."

Layi ya ɗauki shewa. Zione ma ta yi dariya, amma ta riƙe maganar. Ta tuna yadda Wyson yake tsayawa sau biyu a hawan da ke tsakanin titi da gida yana cewa igiyar takalmi yake gyarawa. Da ta gaya masa da yamma, sai ya buga cikinsa ya ce, "Sistar nan tana da miji kuwa? A kawo shi mu gwada ɗaga buhu." Ita kuma ga wanki, ga Fatsani yana haƙori. Maganar ta bi ruwa.

Bayan mako biyar, ranar wata Asabar da hantsi, Wyson ya ɗauko buhun gari daga injin niƙa. Yana shigowa tsakar gida ya sake shi, ya zauna daɓas a ƙasa. Gumi ya jiƙa masa riga kamar an watsa masa ruwa, leɓunansa suka koma launin toka.

"Baban Tadala! Mene ne?"

"Ba komai. Kamar an ɗora mini taya a ƙirji." Ya murza hannun hagu, ya taɓa muƙamuƙi. "Har nan yake ja. Dankalin jiya ne."

Ba ta tsaya gardama ba. Ta kwance Fatsani ta miƙa wa Mayi, ta ce wa Tadala kada ta kusanci murhu, ta ɗauko littafinsa, ta tsayar da mai babur. Kafin su tsallaka tsauni ciwon ya lafa, Wyson har ya fara tsokanar mai babur ɗin cewa tayarsa ta baya tana kuka.

Ranar Asabar ma'aikaci ɗaya ne a asibitin, mai farar riga, idanunsa jajur don gajiya, ga mata biyu suna naƙuda a ɗakin baya. Ya saurari ƙirjin Wyson, ya miƙa hannu zai ɗauko na'urar awo, sai ya yi tsaki.

"Wannan ta mutu tun bikin Ista. Wadda take aiki tana ɗakinku na karɓar magani, a kulle, makullin yana wurin Sista a gari. Kawo littafin in gani."

Ya buɗe, ya bi layukan da yatsa.

"Ɗari da goma sha biyu bisa saba'in. Ɗari da goma bisa saba'in. Na ƙarshe ma mako biyar kacal. Kai, Bambo, da wannan jikin naka? Jininka kamar na budurwa!"

Wyson ya ƙyalƙyale. "Kin ji ko, Maman Tadala? Kamar na budurwa."

Zione ta kalli littafin. Ta buɗe baki.

"Likita..."

Takalmin nan mai kama da bulo ya sauka a kan yatsun ƙafarta, a hankali, ya danna. Wyson bai dube ta ba, murmushi yake yi wa mai farar riga. Cikin ƙiftawar ido ta ga komai: an cire shi daga ƙungiya, yana layi duk Talata, makullin mota a hannun wani, Bambo Likoswe an kore shi daga kujerarsa, tukunyarta babu abin ɗorawa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

"Na'am, Mayi?" in ji ma'aikacin.

"Yana... yana shan taba."

"To ya rage. Da jininsa yana hawa, da yanzu na tura ku babban asibiti. Amma da awo irin wannan, ƙwannafi ya fi kama." Ya ƙirga fararen ƙwayoyi a 'yar leda. "A tauna bayan abinci. In ya dawo, ku dawo."

Daga ɗakin baya wata ta ƙwalla ƙara, ya tashi da gudu.

Da suka sauka a bakin titi, Zione ta juyo ta fuskance shi.

"Ranar Talata da ƙafarka za ka je, da hannunka."

"Ba zagayena ba ne."

"Ko zagayen Shaiɗan ne. In ka ƙi, na rantse da kaina zan je wurin shugaban naku in gaya masa komai."

Ya tsaya ya dube ta, ya ga ba wasa a fuskarta. "To, ranki ya daɗe. In na sauke lodin farko, zan ce haƙori ke damuna."

Ran Lahadi ta dafa ganyen kabewa ba mai, gishiri ɗan kaɗan. Wyson ya ɗanɗana ya ajiye loma.

"Laifin me na yi aka kawo ni gidan yari?"

Mayi ta fuskanci bango. "Zione, ki gaya wa kanki, ba a gidana za a mayar da ɗan mutane ƙashi ba. Na ga irin wannan abincin, na san inda yake kai mutum." Ta aiko Tadala da gwangwanin gishiri. Yarinyar ta tsaya tsakanin uwa da kaka, ba ta san wa za ta bi ba, sai uban ya miƙa hannu ya karɓa yana kashe mata ido.

Bai kai Talata ba. Ranar Litinin da azahar, Zione tana wankin tsummokaran Fatsani a bakin famfo, ta hango wata mai tsinkar ganye tana gangarowa da gudu, ba kwando, ba ɗankwali. Wyson ya sauko daga mota a rumfar awo, in ji ta, ya ce a ba shi ruwa. Kafin a kawo ruwan ya kife a gindin sikeli.

Kafinta sai da ya ƙara katako a faɗin akwatin gawar. Maza takwas suka ɗauka, a hawan maƙabarta aka canja su sau biyu. Zione tana tafe a tsakiyar matan coci, tana jin abin da ake raɗawa a bayan waƙa.

"Wannan ba irin waccan mutuwar ba ce. Dubi jiki!"

"Ashe ƙarya ake yi masa."

"Hannun mutum ne. Motar nan mutum nawa ke so?"

Kawun Wyson, da ya zo daga Mulanje, ya tsaya a bakin kabari ya ɗaga littafin asibitin sama don kowa ya gani. Ya ce ga shaida, likitoci da kansu sun rubuta, shekara uku jinin ɗansu lafiya lau. Wanda ya yi wannan aiki, shi da Allah. Jama'a suka amsa. Zione ta kalli littafin yana kaɗawa a iska, ta ji damtsenta na dama yana mata zugi daidai inda robar take kamawa.

Da aka watse, Mayi ta zauna kusa da ita a tabarma, ta dafa mata gwiwa.

"Ki yi haƙuri, 'yata. Ko ba komai, bai tafi a rame ba. Kin ga mutum takwas? Ba mai nuna mini jikoki da baki. Kin fita kunyarsa."

Zione ta dubi mahaifiyarta. Tsohuwar da gaske take, har da 'yar alfahari a cikin hawayenta. Shekara shida suna gadin ƙofa ɗaya su biyu, da muciya da kwalbar mai, ashe ɓarawon yana cikin ɗaki suna ba shi tuwo. Ta so ta faɗa. Sai ta ga ba inda maganar za ta shiga, ta ja Fatsani ta ba shi nono.

Idan mai shan magani ya rasu, ana mayar da ragowar ƙwayoyinsa asibiti a rufe littafinsa. Talatar da ta zagayo a wata na gaba, Zione ta ɗaure kwalbar a bakin zani, ta goya Fatsani, ta bi Eluby. Zagayen mijin Eluby ne, Fackson, mai suyar dankali da nama a bakin kasuwa, mutumin da wuyansa ya haɗe da kafaɗa. Talata ranar kasuwa ce, ba ya barin kaskonsa. Littafinsa ne a saman ƙullin da ke hannun matarsa.

Bambo Likoswe ya yi wa Zione gaisuwar rashi, ya share ido da bayan hannu. Sannan ya juya ga Eluby ya ɗaga robar.

"Miƙo hannu, Fackson. Yau har da ɗankunne?"

Eluby ta naɗe hannun riga tana dariya. Zione ta tsaya tana kallon robar tana kumbura, tana kallon biro yana sauka a littafin Fackson. Ba ta shiga layi ba. Ta wuce kai tsaye ta tura ƙofar Sista.

"Mayi, layi fa?"

"Ba karɓa na zo yi ba." Ta ajiye kwalbar da littafin a tebur. "Mijina ne. Ya rasu."

Sista ta buɗe, ta karanta, ta girgiza kai. "Allah ya ji ƙansa. Irin wannan ne yake ɗaure mini kai. Ƙwayar a kwance, jini lafiya..."

"Ba jininsa ba ne."

"Me kika ce?"

"Hannuna ne. Duka shidan. Bai taɓa zama a kujerar can ba." Zione ta dafa littafin. "Ranar Asabar ɗin da muka zo, an duba wannan aka ba shi maganin ƙwannafi. Ina zaune a wurin. Na yi shiru."

Sista ta ajiye biro.

"Ke kaɗai ce kike haka?"

Zione ta ji Fatsani yana motsi a bayanta. Ta san in ta amsa, ba mai sake karɓo mata magani, ba mai riƙe mata yara ranar layi, kuma a famfo ɗaya za su ci gaba da ɗiban ruwa.

"Ku duba littafin da ke saman ƙullin Eluby. Tawadar ba ta bushe ba."

Abin da ya biyo baya bai ɗauki rabin awa ba. Aka kira Eluby, aka kira Bambo Likoswe. Sista ta ce ba za a ba da kwalbar Fackson ba sai ya zo da kansa kafin a tashi, ƙungiyar kuma kowa zai kawo hannunsa wata mai zuwa kafin a san matsayinta. Dattijon ya miƙa na'urar da hannu biyu, ya ɗauki hularsa. Da ya zo wucewa ta gaban Zione ya tsaya.

"Taimako na ɗauka ina yi, 'yata."

"Ni ma haka, Bambo."

Eluby kuwa a baranda ta tare ta, gaban layi duka.

"Sannu, uwar gaskiya! Naki ya tafi, shi ne kike so nawa ya rufe kasko ranar kasuwa? Wa ya riƙe miki Tadala ranar da kika haihu? Wa ya yi miki wankan jego? Munafuka! Shekara uku kina yi ba wanda ya tona ki!"

"Da ma an tona ni."

"Ki ji ta! To me kike so da mu?"

"So nake Fackson ya rayu ya zage ni."

Eluby ta tofar da yawu a gefen ƙafarta, ta gyara ɗaurin zani, ta nufi hanyar kasuwa tana masifa. Ko kiran mijin za ta yi, ko gida za ta wuce, Zione ba ta sani ba.

Sista ta leƙo ta kira ta ciki. Ta ɗauki jan biro ta ja layi a kan awo shidan nan ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta wani abu a gefe, ta rufe littafin Wyson ta sa a aljihun tebur.

"Kawo naki. Yara nawa gare ki?"

"Biyu. Ba su ɗauka ba."

"To su ne aikinki yanzu. Miƙo hannu."

Zione ta kwance goyo ta ɗora Fatsani a cinya, ta miƙa damtsen dama. Robar ta kumbura, ta matse ta a wurin da ta saba, ta saki a hankali. Yaron ya kai hannu yana son kama igiyar.

"Ɗari da goma sha biyu bisa saba'in," in ji Sista tana rubutawa. "Lafiya lau."

"Na sani," in ji Zione.

Ta karɓi littafinta, ta mayar da goyo, ta fita. Ba kowa a bakin ƙofa, kujerar Bambo Likoswe tana nan ba mai zama. Ta kama hanyar tsauni ita kaɗai, da sauri, don Tadala ta kusa tasowa daga makaranta, kuma in ba ta riga Mayi isa murhu ba, an riga an zuba mai a miya.